Goron da Baindu Ta Bayar

Duk wanda ya san Baindu ya san ta da jan hannu. Manja ne ya rina mata shi, don tun muna yara muke matsar kwakwa tare a bakin kogin Moa, kusa da Daru. Ta girme ni kaɗan, shi ya sa nake ce mata Yaya ko da yake ba dangi muke ba, amma wajen baki ni ce babba. Ita idan an ɓata mata rai sai ta ƙara wa wuta itace ta yi shiru.

Yaƙi ya ci mijinta da 'ya'yanta uku. Ba ta taɓa ba ni labarin yadda aka yi ba, ni ma ban tambaya ba, kowa da nasa. Da muka dawo daga sansanin gudun hijira a Gini, sai ta auri Pa Lansana, wani dattijo mai gonar koko wanda shi ma ba kowa ya rage masa ba. Aure ne na mutum biyu da suka gaji da cin abinci su kaɗai. Sai ga ciki, a shekarun da muka ɗauka ta gama.

"Yaya, ashe tsohon nan ba koko kaɗai ya iya shukawa ba," na ce mata.

"Massa, Allah ya shirye ki," ta ce, tana ɓoye dariya a gefen zani.

Ta haifi mace ana saura kwanaki a buɗe ɗakin shan magani da makarantar da wata ƙungiyar agajin yara ta gina mana. Aka ce jakadiyarsu za ta zo, wata mawaƙiya Baturiya mai suna Rozalin, wadda duniya ta sani amma mu ba mu taɓa jin ko tarinta ba. Ta zo cikin fararen motoci, siririya, da farin mayafi a kafaɗa. Gaskiya ba ta da girman kai. Ta zauna a tabarma, ta ci shinkafa da miyar ganyen rogo da hannu, barkono ya sa ta hawaye muna ta dariya.

A wurinmu ba a sa wa yaro sunan mai rai a banza. Uwa takan ƙunshe goro a ganye ta kai wa wanda take so ya zama takwara. In ya mayar, ba laifi. In kuwa ya ɓara ya ci, ya kuma yafa wa jaririn wani abu daga jikinsa, to ya zama uwa ko uba na biyu. Shi ne mai kayan makaranta na farko, shi ake fara kira in ciwo ya yi tsanani, kuma in ta Allah ta kasance, shi ne mai likkafani. Kowa ya san wannan, har yaran da ke wasan ƙasa.

Baindu ta ratsa taro da jaririya da ƙunshin goro, ta durƙusa. Ta ce, "Yaƙi bai bar mini 'yar'uwa ko ɗaya da zan sa wa yarinyar nan sunanta ba. Ke kin zo domin yara. Ga goro."

Tafintan da ya zo da Rozalin wani mutumin Freetown ne, rana ta dame shi, yana ta duban agogo. Duk wannan magana ya dunƙule ta cikin kalmomi kaɗan. Daga baya wani malamin makaranta ya gaya mini abin da tafintan ya ce mata kawai shi ne, "Kyautar maraba ce, kuma ta sa wa jaririyar sunanki." Rozalin ta dafe ƙirji, ta gatsi goron, ɗaci ya yamutsa mata fuska. Sannan ta cire mayafinta ta lulluɓe yarinyar, ta rungume ta tana kuka. Mata suka rangaɗa guɗa. Sarkin garinmu da kansa ya ce magana ta ƙullu.

Ba zan ci haƙƙinta ba, abin da ta zo dominsa ya yi amfani. Ƙyanda ta daina kwashe mana yara, jikokina a makarantar nan suka koyi karatu. An manna babban hotonta a bangon ɗakin shan magani, tana rungume da jaririyar cikin farin mayafi. Ƙaramar Rozalin ta taso tana gaida hoton duk lokacin da suka wuce. "Ina kwana, takwara," za ta ce, ta ɗan rusuna.

Sai dai yarinyar ba ta girma yadda ya kamata. Ta yi taku kaɗan sai ta tsuguna tana haki, leɓenta ya yi duhu. Kanta kuwa akwai ƙwaƙwalwa, a aji ba mai kama ta, amma a goye ake kai ta. Ma'aikaciyar jinyarmu ta tura su babban asibiti, can aka ce huda ce a zuciya, kuma aikin sai a ƙasar waje. Pa Lansana ya dawo ya kasa cin abinci. Baindu kuwa ko gezau.

"Ai tana da takwara a can," ta ce. "A dai sanar da ita."

Daga nan duk farar motar agaji da ta biyo hanyarmu sai Baindu ta tare ta. Ta miƙa wa direba ƙunshin goro da kwalbar manja, ta ce a gaya wa Rozalin takwararta ba lafiya. Direbobi su amsa da "to, Mama," su wuce. Abin ya riƙa ƙona mini rai.

"Yaya, wallahi kin ƙosar da direbobin ƙasar nan," na ce mata wata rana. "Goronki a bakinsu yake ƙarewa, manjanki a miyar matansu. Matar nan ko sunan garinmu ba ta riƙe ba."

"Ta ci goro a gabanki ko ba ta ci ba?"

"Ta ci, amma ta san me ta ci?"

"Mutum yakan ci abin da bai sani ba har ya yi kuka a kai?" Ta ƙara itace a wuta. "Saƙon ne bai kai ba, Massa."

Yarinyar na wajen shekara tara rediyo ya ce Rozalin za ta zo birnin Kenema buɗe wani sashen yara. Baindu ta ciro mayafin daga ƙasan akwati, ta wanke, ta yafa wa 'yarta don a gane ta. Na bi su, ina riƙe da farar kazar da za mu ba ta. Mun tarar da filin ya cika maƙil, an ja igiya, 'yan sanda a tsaye. Baindu ta yi wa ɗaya bayani, ta ce takwara ta kawo. Ya ce, "Mama, kowa nan takwararta ne, ja baya."

Da Baturiyar ta fito mun gan ta sosai, ta ɗan manyanta. Aka miƙa mata wani jariri ta rungume, masu hoto suka yi ca. Baindu, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta kwarma ihu, "Rozalin! Rozalin!" Jama'a suka ɗauka, filin gaba ɗaya ya kama kiran sunan. Baturiyar ta juyo wajenmu, ta ɗaga hannu tana murmushi, idonta ya bi ta kanmu ya wuce. Sai yarinyar da ke bayan Baindu ta ce a hankali, "Na'am, Mama. Ga ni."

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Kazar tana cinyata, na rasa yadda zan yi da ita. Mun kusa Daru yarinyar ta ce, "Ta ɗaga mini hannu, ko Mama?" Baindu ta ce, "Ke ta ɗaga wa."

Yarinyar ba ta kai ƙarshen daminar shekarar ba. Da safe aka tashe ta ba ta tashi ba.

Ni na yi mata wanka. Dattawa suka tsaya cirko-cirko a waje, don likkafani na takwara ne, kuma ba mai iya furta hakan a gaban uwar. Pa Lansana ya ce zai je kasuwa ya yanko yadi. Baindu ta ce ya zauna. Ta shiga ɗaki ta fito da farin mayafin a ninke, ta miƙa wa liman. Ya warware, ya auna da ido, ya ce zai isa. Ya kuwa isa har da saura, don ciwon bai bar ta ta yi jiki ba.

Ni zuciyata tafasa take, na buɗe baki zan faɗi abin da ke raina game da Baturiyar. Baindu ta kama hannuna da jan hannunta.

"Kada ki zage ta, Massa," ta ce. "Ta sauke nata nauyin tun ranar farko. Ni ce ban gane abin da ta ba ni ba."