Ruwan da ke Bayan Ɗakin Inna

Gidajen layinmu duk baya suka ba wa kanal, wato hanyar ruwan noman rani. Ƙofofinmu titi suke kallo, inda motocin tumatir ke wucewa zuwa Kadawa, ruwan kuwa yana bin bayan katangunmu. Ta saman katanga muke cilla masa ledoji da tokar murhu, shi kuma ya rama da sauro. Na daɗe a gidan nan ban san kamanninsa ba, sai dai in ji motsinsa idan an saki ruwa daga madatsar Tiga.

A ɗakin da ke jikin katangar na sauke mahaifiyata, Inna, bayan ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Ni ce autarta, yayana kuma yana birni, don haka jinya ta faɗo kaina. Allah ya sani lada nake nema, amma jiki ya gaji. In juya ta, in wanke ta, in dafa wa 'yan aikin gona abinci, in dawo in sake juya ta. Barci ya ƙaurace mata, nawa ma ya bi shi.

Wata Alhamis mai shela ya zaga, wai samarin unguwa na roƙon kowa ya fito ranar Asabar a gyara bayan gida. Muka ɗauka duba-gari ne za su zo. Matan layin nan kaf muka duƙufa wankin masai, ni har sabon murfi na sa aka yi min. Su kuwa samarin suna can bakin kanal da manjagara da adduna tun safe, ba wanda ya leƙa su. Da babbansu ya zo jin ba'asi, maigidana ya ce masa, "Ai mun gyara, shiga ka duba."

Bawan Allah ya tsaya yana kallonsa. "Malam, bayan gidajen muke nufi, inda ruwa yake."

An sha dariya. Ni dai abin ya tsaya min a rai. Ruwan da ke ba mu shinkafa da albasa, a bakinmu sunan wurinsa ɗaya da masai, kuma riƙon da muka yi masa ke nan.

Asabar ta gaba aka fito. Aka sare ciyawar kacala, aka kwashe shara, aka jera buhunan yashi suka zama matakala. Daga baya samarin suka samo kwale-kwale biyu na roba, sirara, kowanne mai cin mutum biyu: mai yawo a gaba, jagora a baya da filafili. Bayan la'asar suke zagawa da mutane.

Inna ce ta fara ji ta cikin bango. Mahaifinta mai fito ne a Kogin Kano tun kafin a haƙa waɗannan hanyoyin ruwa, a cikin jirginsa ta yi wayo.

"Auta, wa ke tuƙi a bayan ɗakina?"

Na gaya mata. Ta ce, "Ki kai ni."

Na kira yayana a waya. Ya ce, "Kada ki soma. In wani abu ya same ta, ke kika sani." Na ajiye wayar, don ban saba mayar masa da magana ba. Inna kuwa ta juya wa kokonta baya, kullum magana ɗaya, a kai ta. Na yi ta addu'ar Allah ya zaɓa min. Maigidana ya ce, "Uwarki ce, kuma ke ce a kanta. Duk abin da kika yanke, ina bayanki."

Tsakanin gadonta da ruwan, katanga ce kawai, amma sai da muka ɗauki adaidaita sahu muka zaga unguwa, ta gaban injin shinkafa. Ni da maƙwabciyata muka cicciɓe ta muka sauka matakalar. Jagoran, babban samarin nan, ya miƙo rigar da ke hana nutsewa, na ɗaura mata a kan hijabi.

"Hajiya amaryata, yau ni ne direbanki," in ji shi.

"In ka kifar da ni na fasa auren. Riƙe filafilin da kyau, kana yi kamar mai tuƙa tuwo."

Ta tsoma hannu a ruwa ta shinshina. "Wannan ai ba kogi ba ne, kwata ce aka shafe da siminti."

"To a fito da ke?"

"Wa ya ce maka? Tuƙa."

Na zauna a kan buhun yashi ina bin su da ido har gada. Da suka juyo sai na hangi kanta ya faɗo kan ƙirji, hannunta na jan ruwa. Na miƙe ina salati, maganar yayana na amsa kuwwa a kunnena. Jagoran ya ɗora yatsa a leɓe. Da ya matso ya ce a hankali, "Barci take, har da minshari."

Na yi masa alama ya sake zagawa. Akwai masu jiran layi, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Na koma na zauna, hannuwana ba aikin komai, har na rasa inda zan ajiye su. Sai na cire silifa na zura ƙafafuna a ruwan, sanyinsa ya hau har gadon bayana.

Bayan magariba yayana ya kira, wani ya tura masa hotonta a kwale-kwale.

"Ashe sai da kika kai ta."

"Na kai ta, Yaya. Ta yi barci, ta kuma sha koko. Asabar za mu koma, in Allah ya kai mu. Ka zo ka kama min ɗaukarta, bayana ya gaji."

Ya ce zai duba.