Gudun Gangar Kawu Wendell

Kawu Wendell, ƙanin mahaifiyata, bai iya zama ba. Ko a wajen cin abinci ƙafarsa tana rawa, yana dukan bakin kwano da cokali har sai Mama ta ƙwace. Gyaran injin ɗumama gidaje yake yi a nan garinmu Duluth, amma in ka tambaye shi sana'arsa, ganga zai ce maka. Tun ban zo duniya ba shi da abokansa uku suka kafa ƙungiyarsu, Ƙusa Mai Tsatsa. Kiɗan pank suke yi, mai gudu da ihu, waƙa ta ƙare kafin ka gama cire rigar sanyi.

Abokan nan duk sun watse. Mawaƙin farko ya bi jirgin ruwan dakon tama, ɗaya ya koma wa'azi a coci. Masu jita kuwa sun yi ta shiga da fita har Mama ta daina tambayar suna, sai dai ta ce "wannan sabon". Ni na riƙe su, don hotunan gidanmu a hannuna suke. Wani ko wata biyu bai cika ba, wani ya tafi ya dawo ya sake tafiya.

Dokarsu ɗaya ce. Ba a korar kowa, amma mai tafiya ba ya tafiya sai ya zaunar da magajinsa ya koya masa waƙoƙin hannu da hannu. Ba sa rubuta komai. Kowa ya bi ta nan, ban da Kawu.

Bara wuyan hannunsa ya fara kumbura, likita ta ce ya ajiye sandunan kiɗa. Ya yarda da baki. Aka samo Lorna, direbar motar 'yan makaranta, don ta gaji gangar, shi kuma ya kafa sharaɗi: in ta kasa, yana nan kan kujerarsa. Duk mun san abin da yake fata.

Ranar Lahadi bayan abincin rana suka taru a ɗakin ƙarƙashin gidansa, ni ma ina wurin. Akwai Marnie, mawaƙiyarsu ta yanzu, da Tobin mai jita. Kawu bai ko fara koyarwa ba Lorna ta ce ta iya waƙar farko. Ta buga sanduna, ta zura. Tobin ya bi ta kaɗan yatsunsa suka sarƙe, Marnie ta tsaya tana haki.

Kawu ya ɗaga hannu, bakinsa har kunne. "Ke, gobara ake yi? 'Yan makaranta ma haka kike tuƙa su? Ba haka waƙar take ba."

"Haka take a kaset ɗinku na farko, dattijo. A can na koya."

"Kaset ɗin uban wa?"

Ta ciro waya ta kunna waƙar da aka kwafo daga kaset ɗin. Shi ne, hannunsa ne, yana saurayi. Gudun kuwa daidai da nata, ko ma ya ɗara. Ya saurara har ƙarshe. Ban taɓa ganin ƙafarsa ta tsaya ba sai ran nan.

Ya juya ga Marnie. "Tun yaushe?"

"Wendell, bar maganar nan."

"Na ce tun yaushe?"

Ta goge baki da hannun riga. "Tun kafin in zo. Wanda ya koya mini cewa ya yi, duk abin da za ki yi kar ki wuce tsohon, kowace shekara yana ɗan sauka, ki sauka tare da shi. Tobin ma haka aka gaya masa."

"Ni na ɗauka salo ne," in ji Tobin. Ba wanda ya yi dariya.

Marnie ta ce, "Ba wanda ya kore ka fa. Ka zauna abinka, ko Lorna ta rage gudu. Wa ya taɓa yin ƙorafi?"

"Wato shekara da shekaru kuna tura ni a keken marasa lafiya, ni ina zaton tsere nake." Ya miƙe yana murza hannu. "Lorna, yadda kika ji a kaset, haka za ki buga, kar ki rage ko ƙiris. Ku kuma, ragwaye, wanda numfashinsa bai kai ba ya fara neman wanda zai koya wa."

Haka ƙungiyar ta rasa na ƙarshen waɗanda suka kafa ta. Ya cika doka, ya koya wa Lorna sauran waƙoƙin, da baki, yana tsaye a kanta.

Har yanzu a gidansa suke gwaji, sai dai ba ya iya zama a ciki in an fara. Lahadin da ta wuce na same shi a waje da shebur, yana kankare ƙanƙara a ƙofar maƙwabcinsa, kiɗan na fitowa ta ƙaramar tagar ƙasa.

Na ce, "Kawu, ai an riga an share nan."

Ya ce ya sani, in matsa daga hanya.