Aljanar da Inno Ta Koya wa Sallama

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a ɗan shagon da ke daura da makarantar sakandaren da ake kira lise a unguwar Moursal ya san Lailatu, doguwa mai tabarau, wadda bakinta ke motsi ko da babu kowa a gabanta. Kakannin iyayenta sun baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a bakin kogin Shari, suka yada zango, zangon ya zama gida. A tsakar gida Hausa ake yi, a titi Larabci, a aji Faransanci. Ita kuwa ta tashi da kunnen kama muryar mutane.

Tana da shekara goma sha shida ta fara rubuta labarin Hansai, wata aljana mai zama cikin wata randa ƙirar garin Gaoui da ke gidansu. Hansai ta shekara ɗari huɗu a duniya, amma 'yan matan lise sun gagari hankalinta. Yaya yarinya za ta hana cikinta abinci don ta sayi katin waya ta kira wadda suka rabu yanzun nan a bakin ƙofa? Takan ratsa bango ta shiga ɗakuna, ta ga mai ɓoye sakamakon jarrabawa a ƙarƙashin katifa, ta ga mai gwada murmushi a madubi. Ƙawayen Lailatu layi suke bi su karanta.

Sai dai Lailatu ba ta iya rubuta magana sai ta ji ta da kunnenta. Wata Asabar da azahar tana zaune gindin randar, ta shaƙe murya irin ta Hansai, tana cewa ita ta girmi garin nan kaf. Kakarta Inno ta fito alwala, ta ji, ta saki buta.

Kafin la'asar an ɗauko Malam Shu'aibu. Ya yi karatu, ya tofa, aka yi turare, ba abin da ya tashi sai atishawa. Lailatu ta yi ta rantsuwa cewa labari ne kawai, Inno ta ce ai haka duk masu aljanu ke faɗa. Malam ya ce yarinya lafiyarta lau, amma mai yawan kiran baƙo wata rana za a amsa masa, don haka a ƙona littafin. Shafi tamanin ne, ba ta da wani kwafi. Inno ta jawo garwashin shayi.

Lailatu ta durƙusa ta roƙi alfarmar karanta shafi ɗaya tak. Ta buɗe inda Hansai ta tarar da wata yarinya tana kuka, saboda sababbin maƙwabta 'yan Kano na dariyar Hausarta, a makaranta kuma ana ce mata baƙuwa. Inno ma ta sha wannan dariyar a kasuwa.

Can ta ce, "Ke 'yar nan, ta ina aljanar ta shiga ɗakin?"

"Ta bango, Inno."

"Ba sallama?"

Lailatu ta girgiza kai.

"To ni abin da ya fi ci mini rai ke nan. Gandamemiyar tsohuwa, tana zaune a randata kyauta, ta faɗa wa 'yar mutane ɗaki kamar akuya? Me za a ce a kan tarbiyyar gidana?"

Malam Shu'aibu ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya nutsu ya ce lallai aljanin da ke sallama ba abin tsoro ba ne. Inno ta cusa littafin a hammata, ta ce za ta yi shawara da zuciyarta.

Kwana uku Lailatu ba ta ci abincin kirki ba. A na huɗu Inno ta miƙo mata littafin, da tabon mai a bangonsa, bisa sharaɗin cewa daga yau Hansai ba ta shiga ɗakin kowa sai an amsa mata.

Gyaran ya ci mata wata biyu, don 'yan mata da yawa a labarin sun ƙi amsawa. Dole Hansai ta tsaya a waje, ta karanci halin da ake ciki daga yadda aka watsar da takalma, ko daga rediyon da aka ƙure don kada a ji shessheƙa. Lailatu ta zaci labarin ya mutu. Ranar da ta mayar da littafin aji, sai da aka yi kokawa a kansa har bangon ya yage.