Ƙaramar Tukunyar Iska a Dam ɗin Jibiya

Jama'a, wannan abin da zan faɗa muku wallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Lokacin na dawo daga Legas, inda na yi shekaru ina aiki a bakin teku har na koyi nutso da tukunyar iska a baya, na zo ina harkar lodin hatsi a bodar Jibiya. Ran da babu lodi sai in ɗauki kayana in tafi dam in shiga, don sha'awa kawai, mutane na ta cewa na samu taɓi.

Akwai wani abokina Isuhu, mutumin Maraɗi, mai kawo kaya daga Kwatano. Na ce ya nemo min iskar ko-ta-kwana, wadda mutum zai koma wa in babbar tukunya ta ba da matsala a ƙasan ruwa. Sai ya zo da iri biyu. Ɗaya tiyo ne na biyu da ake jonawa a babbar tukunyar, ba nauyi, amma in iskar ta ƙare to duka sun mutu tare. Ɗayar ƙaramar tukunya ce mai iskarta daban, ana ɗaura ta a gefe, sai dai nauyi.

Isuhu ya ce, "Ni hwa ban san komi ba ga wannan aiki, amma tiyon nan an ce don abokin tahiya aka yi shi. Kai wa gare ka can ƙasa? Ɗauki butelin."

Na yi kwana biyu ina juya maganar, na ga gaskiyarsa, ni kaɗai nake shiga. Na ɗauki butelin, wato ƙaramar tukunyar.

Ranar wata Asabar da hantsi, bayan damina, ruwa ya cika, Baba Tanko, wani dattijon masunci, ya kai ni tsakiya a kwale-kwalensa. Na sauka. Ruwan dam ba irin na teku ba ne, in ka miƙa hannu da ƙyar kake ganin yatsunka. Ina lalube a ƙasa sai ƙafata ta shiga wata tsohuwar komar kamun kifi da ta naɗe a kututture, ina fizga tana ƙara kama ni, ga shi na bar wuƙata a kwale-kwale. Tsoro ya sa na yi ta zuƙa ba lissafi, har na ji iskar ta fara tauri. Na kai hannu inda na maƙala bakin ƙaramar tukunyar, babu, ya zame.

To a nan ne. Wani hannu ya riƙe min haɓa a hankali, yadda ake riƙe wa majinyaci in za a ba shi ruwa, ya cire bakin babbar tukunyar ya sa min na ƙaramar a baki. Hannu mai ɗumi, cikin wannan sanyin! Na zuƙa, iska ta zo. Sai na ji ana warware komar daga ƙafata zare-zare, ba gaggawa. Na buɗe ido iya ƙarfina, ban ga kowa ba sai laka.

Da na fito, Baba Tanko ya jawo ni, ya tsaya yana leƙen ruwan.

"Ina ɗan'uwan naka?"

Na ce wane ɗan'uwa, Baba?

"Kumfa biyu ni gani, ɗana. Taka nan, guda can, kuma tare suka taho sama."

Muka jira, ba wanda ya fito. Na duba agogon awon iska na ƙaramar tukunyar, wadda na shiga da ita a cike, ni dai na san zuƙata ba ta wuce goma ba, amma allurar ta sauka ƙasa da rabi. Baba ya kalla, ya ce in yi shiru, ya kama tuƙi.

Abin mamaki, tsoro bai dame ni ba kamar son sani. In aljani ne, me zai yi da iska? In mutum ne, ina ya tafi? Na tambayi malamai biyu, kowa da abin da ya ce, ban gamsu ba.

Shawarata, in za ku shiga ruwa mai zurfi kada ku shiga ku kaɗai, ku riƙe wuƙa, ku ɗaure iskar ko-ta-kwana inda hannu zai same ta ido rufe. Kuma ku cika ta taf, don ba ku san ku nawa za ku sha ba.