Cokalin Ɗanɗanon Goggo Lantana

Duk wanda ya ci biskit ɗin Naila a Samaru, hannunta yake yabo. Hannun kuwa ya cancanci yabo, don takan zana fure a kan biskit ɗin da bai fi tafin hannun jariri ba, ta rubuta sunan amarya da ango ba tare da layi ya karkace ba. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, bakin Naila bai san bambanci ba. Ko kwaɓin da gishiri ya yi wa yawa ka ba ta, lasa za ta yi ta ce ai lafiya lau.

Mai ɗanɗanon gidan ita ce Goggo Lantana, yayar mahaifinta, wadda ta riƙe ta a Hayin Dogo tun tana 'yar shekara shida. Shekara talatin Goggo ta yi tana yi wa 'yan biki alkaki da nakiya da dubulan, har gwiwa ta hana ta zama gaban kasko. Da Naila ta gama karatu aiki ya ƙi samuwa, sai ta riƙa hawa bas zuwa Sabon Gari tana koyon biskit wurin Madam Adaobi, mai shagon kayan kek a bakin kasuwa. Da farko Goggo ta raina sana'ar, ta ce wannan ai gurasa ce aka shafa wa jan baki. Amma ranar da ta lasa aisin, wato kwaɓin garin sukarin da ake yi wa biskit ado da shi, sai ta yamutsa fuska ta ce a rage ƙamshin fulebo, a ƙara matsin lemun tsami. Aka yi yadda ta ce, ɗaliban jami'a suka wawashe tiren kafin la'asar.

Tun daga ranar Naila ba ta zuba aisin a ledar zane sai an kai wa Goggo cokali. Tsohuwa takan gyara zama, ta lumshe ido, ta yanke hukunci, ba kuma a ɗaukaka ƙara.

Shekara biyu da suka wuce likita ya ce Goggo tana da ciwon suga. Ɗanta Abdulrahim, wanda yake koyarwa a Kaduna, ya zo ya kafa dokoki, ya hana sukari ko a koko. Ya so ya tafi da ita, ta ƙi fur. Sai ya bar ta a hannun Naila, ya sa ta yi masa alkawari, ta kuma yi da zuciya ɗaya. Sati uku ta riƙe shi. A na huɗu wata mata ta dawo da biskit, ta ce ƙarnin ƙwai ya hana 'ya'yanta ci. Naila ta tsaya a kicin da cokalin shayi a hannu, ta ce wa kanta ai lasa ba ci ba ce. Goggo kuwa da ta ga cokalin, fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir da Makka.

Kowa ya san yadda irin wannan lasa take girma.

A watan Maris na bana, Malama Elizabeth ta Dogarawa ta ba Naila aikin biskit ɗari huɗu na auren ɗiyarta Clara. Amarya ta ga aisin na bota a waya, ta kafe shi take so. Naila ta san zafin Zariya a wannan wata, na bota narkewa zai yi tun ba a fito daga coci ba. Na farin ƙwai shi ne yake bushewa ƙamas a ɗaure shi a leda lafiya, amma in aka kuskure masa sai ya yi ƙarni, ko ya yi tauri kamar alli. Madam Adaobi ta ce ta yi na ƙwan ta huta, amare ba sa tuna abin da suka ci ranar biki. Naila ba ta yarda ba. So take ta samo wanda zai tsaya a rana, ya kuma yi garɗin bota a baki.

Kwana biyar tana kwaɓawa, kullum kwano huɗu ko biyar. Goggo ta lasa, ta kurkure baki, ta sake lasa. Sau biyu Naila ta dawo ɗaukar kwano ta tarar an suɗe shi tas, ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Ta ga Goggo tana yawan shan ruwa da zagayawa, ta ce zafi ne. Ta ga ciwon da bakin bokiti ya ji mata a babban yatsan ƙafa ya kwana goma bai kame ba, ta ce da an gama bikin nan za su je asibiti. Duk ta gani, kuma wannan ne abin da yake cin ta har yau.

A rana ta biyar Goggo ta zaɓi na farin ƙwai da aka ɗiga wa madara da ɗan gishiri. Biskit ya yi kyau, aka yi ta neman lambar Naila a wajen biki. Kwana biyu bayan nan Goggo ta kasa taka ƙafa, yatsan ya yi baƙi. A asibiti aka ce sai an cire shi.

Abdulrahim yana tsaye lokacin da likita ya tambayi abin da tsohuwa take ci. Naila ta buɗe baki, Goggo ta riga ta. Ta ce ita ce take lallaɓawa kicin in yarinyar ta tafi kasuwa, kwaɗayin tsufa ne, a yi mata afuwa. Abdulrahim ya yi wa uwarsa faɗa cikin ladabi, irin faɗan da ya fi ihu ciwo, tana sunkuye tana cewa to. Sannan ya juyo wurin Naila.

“Ke kam kin yi iya ƙoƙarinki, ƙanwata. Allah Ya saka miki da alheri.”

Ta ce amin. Ba ta taɓa jin kunyar kanta irin ta wannan rana ba.

Da aka sallamo su, tana wanke wa Goggo ƙafar ta ce za ta kira Yaya ta faɗa masa gaskiya.

“Ni na miƙo miki cokalin, Goggo.”

“Ni kuma na buɗe baki,” in ji Goggo. “In kika faɗa masa, gobe zai sa ni a mota. A Kaduna abinci za a ba ni a kan lokaci, da magani a kan lokaci, amma ba mai tambayata komai. Ki rufa mini asiri.”

Naila ba ta kira ba. Tana cewa don Goggo ne, amma ta san har da tsoron idon yayanta. Likita ya faɗa musu ƙarara cewa in sugan ya sake hawa, ba yatsa za a yi magana ba, ƙafar ce.

Bayan sati biyu aka kawo aikin walimar sauka, biskit ɗari. Naila ta tura ƙofar kicin, tana kaɗa farin ƙwai a hankali don kada a ji. An ji. Goggo ta ƙwala mata kira, ta shiga ta same ta zaune a bakin gado, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ajiye kofin kurkure baki a gefe.

“Ina cokalin?”

“Babu cokali, Goggo. Daga yau babu.”

Goggo ta dube ta, ba fushi a fuskarta. Ta ɗauki kofin ta mayar ƙarƙashin gado.

“To in ban ɗanɗana ba, ɗiyata, me nake yi a gidan nan?”

Naila ta fito daga ɗakin. Ta koma kicin ta zuba aisin a leda ba tare da kowa ya lasa ba, ta jawo tiren farko. Ta bayan bango ta ji Goggo ta kunna rediyo ta ƙure murya, abin da ba ta taɓa yi ba in ana aiki a gidan.