Hanyar da Malam ya bari a gona

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mijina, Malam Yohanna, amma har yau in na ɗora shayi sai in tarar na zuba ruwan mutum biyu.

Malamin sakandare ne a Mubi, darasin gwamnati yake koyarwa. Ni ban wuce firamare ba, amma ni ce ɗalibarsa ta gida. Yakan ce masana sun rabu a kan zaman ƙasashen duniya. Wasu sun ce daji ne, mai ƙarfi ya cinye maras ƙarfi. Wasu kuma, har da shi, sun ce unguwa ce da ba ta da mai unguwa. Babu mai tilasta wa kowa, duk da haka ana girmama iyaka, ana cika alkawari, ba a taɓa ɗan aike ko ana yaƙi.

Nakan ce, "Malam, unguwar da ba mai unguwa ai ta kuraye ce." Sai ya yi dariya ya ce, "To wa ya tilasta miki kai wa maƙwabciyarki miya?"

Gonarmu ta Duvu tana bakin mayo, wato rafi. Kowace damina Malam yakan bar 'yar hanya a tsakiyar dawa bai shuka ba, don makiyaya da masu gangarowa daga duwatsun iyakar Kamaru. Ba takarda, ba shaida. Su ma ba su taɓa karya mana kara ba. Shekarar da 'yan ta'adda suka tarwatsa Mubi, ta hanyar nan muka gudu, kuma waɗanda suka saba bin ta su suka ba mu ɗaki a bayan dutse. Ba su tambayi addininmu ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Yanzu ni kaɗai nake sauraron rediyonsa. In na ji manyan ƙasashe suna taka ƙanana, sai in waiwayi kujerarsa in ce masa ka gani. Ba kowa a kai.

Bara shanu suka saki hanyar suka cinye mana kusan rabin dawa. Ɗana Istifanus ya zo daga Yola da wayar shinge. "Mama, zamanin Baba ya wuce," in ji shi. "Duk duniya kowa ƙofarsa yake rufewa. Me za ki ci in aka sake?" Ba ƙarya ya yi ba.

Amma kafin ya koma, wani dattijon makiyayi ya zo ƙofar gida. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Inna, shanunmu sun yi laifi. Mun san hanyar Malam ce." Nan na tuna wata maganar mijina: karya ƙa'ida ba shi ne mutuwarta ba. Ranar da mai karyawa ya daina zuwa ba da haƙuri, ranar ta mutu.

Ban san abin da Malam zai ce game da duniyar yau ba. Littattafansa gara ta ci, ɗalibansa sun watse. Na ce wa Istifanus ya kewaye gonar, amma ya bar bakin hanyar a buɗe gabas da yamma.

Bana ni kaɗai na yi shuka. Da na iso tsakiya, sai na ɗaga hannu, na tsallake hanyar, na ci gaba.