Ranar da Na Ɗauki Dagi Don Binne Surukata

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen jikokina sai na jera uku kafin in faɗo kan wanda nake kira. Amma ranar da surukata ta rasu kam, ba na jin zan manta da ita har a sa ni a nawa ramin.

A shekarun farin nan ne, lokacin da damina biyu a jere ta yaudare mu. Muna zaune a wani ɗan ƙauye a yankin Kunci. Gidajenmu na Kirista huɗu ne kacal a gefen gari, da 'yar majami'armu ta ƙasa mai rufin kara. Sauran mutanen garin duk Musulmi ne. Ba faɗa muke yi ba, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, sai dai kowa ya san iyakarsa. A shekarar gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, gyaɗa ta kuturce, rumbuna suka zauna wayam. Da kaka ta wuce ba a girbi abin kirki ba, sai maza suka watse cin rani. Mai gidana ya bi mota zuwa Kudu. Mai bisharar da ke kula da mu kuwa, ƙauyuka biyar ne a wuyansa da keke ɗaya, sai mu yi mako uku ba mu sa shi a ido ba.

Aka bar ni da goyo a baya, ga kuma Inna, mahaifiyar mai gidana, wadda ɓarin jikinta ya shanye shekara biyu ke nan. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke ɗura mata kunun dusa da ludayi, rabi ya shiga rabi ya zube a haɓa. In na gama da ita in shiga daji neman tafasa da yaɗiya. Ba zan ɓoye muku ba, na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Addu'a ma na daina. Ba wai na ce babu Allah ba, a'a. A raina dai na ɗauka shi ma ya bar garin kamar yadda kowa ya bari.

Ran nan da safe, tsakiyar bazara, na yi sawu biyu a rijiya bayan dogon layi. Na sauke tulu na biyu, na leƙa ɗaki na ce, "Inna, an tashi lafiya?" Shiru. Na taɓa ƙafarta na ji sanyi. Abin da ya fara zuwa mini shi ne abin da na daɗe ban faɗa wa kowa ba: sauƙi na ji, kamar an sauke mini dami daga kai. Daga baya kunya ta rufe ni, domin matar nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba tun da aka kawo ni gidan.

Na je na kamo hannun Gwaggo, wata tsohuwa a gidan da ke jikin namu, wadda idanunta sun kusa tafiya gaba ɗaya. Mu biyu muka wanke Inna da tulu ɗaya, muka naɗe ta da farin zanen da ta daɗe da ajiyewa a ƙasan adakarta. Matar gida na uku ta kama hanyar Makoda a ƙafa ko za ta dace da mai bishara. Ta gida na huɗu kuwa jego take yi, ko tsayuwa ba ta iyawa sosai.

Gwaggo ta shafa fuskar gawar ta ce, "'Yar nan, zafin nan ba zai bari mu jira kowa ba. Yau za a rufe ta."

Na ce, "Gwaggo, wa zai haƙa?"

Za ku ce me ya hana ni shiga gari in nemi taimako. Ni ma na sha tambayar kaina. Ban taɓa ganin an yi haka ba, su suna binne nasu, mu muna binne namu. Kuma ina tsoron a ce mini a'a, domin a yadda nake ji a ranar, a'a ɗaya ta isa ta kayar da ni.

Na kwance goyo na miƙa wa Gwaggo, na ɗauki dagin mai gidana, wato ƙarfen da yake haƙa ramin shinge da shi, na haɗa da fartanya da ragowar tulun ruwa. Na nufi bayan majami'a inda muke binne namu. Tun da nake ban taɓa jin mace ta haƙa kabari ba, amma na ɗaura ɗamara na fara.

Ƙasar nan ta zama kamar dutse. In na buga dagi sai ya yi tsalle, hannuna ya ɗauki zugi har kafaɗa. Na tuttula ruwan tulun gaba ɗaya don ta yi laushi, ta shanye shi nan take kamar ban zuba komai ba. Tun hantsi nake bugu har rana ta take tsaka, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, cikina babu komai sai ruwa. Da na tsaya na duba, abin da na haƙa bai fi taƙi ɗaya ba.

Sai na zauna a bakin ɗan ramin, na miƙe ƙafa. A nan ne na yi wa Allah magana karo na farko cikin watanni, kuma ba magana mai daɗi ba ce. Na ce, "To, ka dai gani. Na yi jinya, na yi yunwa, yau kuma ni ce mai haƙa kabari. Me ya rage? Faɗa mini in sani." Ko hawaye ban yi ba, babu ruwan yin su.

Ban san tsawon zaman da na yi ba sai na ji sallama a kaina. Wani dattijo ne daga cikin gari, mai sana'ar yasar rijiya. Na san shi a ido, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Daga aiki yake, jikinsa duk busasshen taɓo, igiya a kafaɗa, yana jan ƙafa don gajiya. Ya dubi ramin, ya dubi hannuna.

Ya ce, "Subhanallahi! 'Yata, me nake gani haka?"

Na ce, "Baba, Inna ce ta cika da safe."

Ya yi salati. Can ya ce, "Shi ne ba a faɗa ba? Mu da muke garin mun mutu ne?"

Na sunkuyar da kai. Ya miƙo hannu ya karɓi dagin, ya jingina shi da bango, ya ce in koma inuwa. Ya juya ya shiga gari. Har na fara tunanin ya tafi ke nan, sai ga shi bayan an idar da azahar, da mutum huɗu a bayansa, da diga da shebur. Babu saurayi ko ɗaya a cikinsu, samari duk sun tafi. Tsofaffi ne irinsa, haƙarƙari a waje, yunwar da ke cina ita ke cinsu.

Suka kama haƙa. Wannan ya buga goma ya miƙa wa wancan, ya koma gefe yana haki. Ɗaya daga cikinsu jiri ya ɗebe shi, ya zauna ya dafe kai, da ya farfaɗo ya sake karɓar digar. Da ramin ya yi zurfi, dattijon ya ɗago ya ce, "Yaya kuke yin naku? Ina kai yake kallo? Kada mu yi muku ba daidai ba." Ni ban sani ba. Na je na jawo Gwaggo, ta tsaya da sandarta tana faɗa musu, suna bi.

Da la'asar suka ɗauko Inna a kan ƙyauren ɗakinta, suka saukar da ita a hankali kamar uwarsu. Sannan suka ja da baya, suka jeru, hannuwa a baya. Dattijon ya ce, "To 'yata, mun yi namu. Ku yi mata irin taku addu'ar, muna jira mu rufe."

Na dubi Gwaggo. Ta ce, "Ni numfashina ba zai kai ba. Ke za ki yi."

Ni da na yi watanni ban durƙusa ba, ni da ɗazun nan na gama yi wa Allah tsiwa. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Na ce, "Ya Ubangiji Yesu, ga Inna nan, ta gaji. Ka karɓe ta. Ni ma na gaji, ka gafarta mini. Waɗannan bayin naka kuma, ka ga abin da suka yi da cikinsu babu komai." Gwaggo ta ɗora da wata tsohuwar waƙar sujada a hankali, mutanen nan suna tsaye har ta kai ƙarshe. Suka mayar da ƙasa, suka sassaro ƙaya suka rufe saman saboda karnuka.

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ko ruwan da zan ba ku babu."

Ya ce, "Ruwan me? Je ki ba yaron can nono, tun ɗazu yake kuka. Allah ya ba ku haƙuri." Suka saɓa kayansu suka tafi, kowa yana jan ƙafa.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya gyaru. Mai bishara sai washegari ya iso, mai gidana kuwa sai da ya kusa wata kafin saƙo ya same shi. Yunwa ta ci gaba, na ci gaba da bin layin rijiya da hannu a ɗaure da tsumma. Gajiyar ba ta sake ni ba sai bayan shekaru.

Abin da na koya dai shi ne, rashin jin motsin Allah a zuciya ba shi ne rashinsa ba. Da ina zaton in zai zo, da ruwan sama zai zo, ko da cikakken rumbu. Ashe yana zuwa ta hannun mutanen da su ma da ƙyar suke tsayuwa, kuma ta ƙofar da kai ba ka taɓa ƙwanƙwasawa ba. Shi ya sa har yau, in na ga wanda ya gaji har ya kasa addu'a, ba na yi masa wa'azi. Nakan tambaye shi ne wane aiki ya fi ƙarfinsa, in kama masa gefe ɗaya.